Ciwon Ɓarin Kai: Abin Da Ke Tayar Da Shi, Da Yadda Za A Yi Maganinsa

Babu gidan da ba a san ciwon kai ba a ƙasar nan. Saboda yawansa ma har an rena shi. In mutum ya ce kansa na ciwo sai a yi masa sannu, a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya biyu, shi ke nan an wuce wurin. Ga ciwon kai na gajiya ko na mura, wannan ya wadatar. Amma akwai wani iri wanda ke zuwa ya tafi ya sake dawowa, wata bayan wata, shekara da shekaru. Ya kan kwantar da magidanci ya hana shi fita nema, ya hana uwargida ɗora tukunya, ya sa ɗalibi ya rasa jarrabawar da ya yi shekara yana shiri dominta. Shi ne Hausawa ke kira ciwon ɓarin kai, malaman da suka karanta littattafan magani na Larabci kuwa suna ce masa shaƙiƙa. A kansa za a yi bayani a nan. Za a riƙa kawo misalai daga birnin Gombe, domin yanayin garin da sana'o'in mutanensa sun tara yawancin abubuwan da ke tayar da wannan ciwo a ƙasarmu, kuma abin da ya shafi mutumin Gombe ya shafi na Sakkwato da na Zariya da mazaunin Sabo a Ibadan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 wajen kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya, watau kimanin mutum biliyan 3.1, suna fama da wani nau'i na ciwon kai. Da can waɗansu sun ɗauka ciwon ɓarin kai cutar Turawa ce, ko ta ma'aikatan ofis. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bi gida gida a Igbo-Ora ta Jihar Oyo cikin shekarun 1980 suna binciken cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, suka tarar da shi tsakanin mutanen karkara ma.

Yadda Ake Gane Shi

Ciwon kai da ya fi yawa shi ne wanda mutum ke ji kamar an naɗa masa rawani an matse. Yana kama duk kai, ko goshi da ƙeya, ba ya zuwa da amai, kuma mai shi ya kan iya ci gaba da aikinsa yana ɗan yamutsa fuska. Gajiya da damuwa da daɗewa a sunkuye su ne suka fi kawo shi.

Ciwon ɓarin kai dabam yake. Ya kan kama ɓari ɗaya, ko da yake wani lokaci ya kan kama duka biyu. Yana sara daidai da bugun zuciya. Motsi na ƙara shi, har hawan matakala ko sunkuyawa a ɗauki buta sai ya zama aiki. Zuciya na tashi, sau da yawa har a yi amai. Mai shi ba ya son haske, ba ya son ƙara, ba abin da ya ke so illa ɗaki mai duhu da shiru. In ba a sha magani ba ya kan ɗauki awa 4 zuwa awa 72, watau har kwana uku. Bayan ya sauka sai mutum ya wuni jiki a mace, kamar wanda ya yi doguwar tafiya a ƙasa. Tsakanin wannan tashi da na gaba kuwa lafiyarsa ƙalau, kuma wannan ne ke sa waɗanda ba su san ciwon ba su riƙa zargin mai shi da lalaci ko shagwaɓa. Zalunci ne a yi masa haka.

Wajen mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na masu wannan ciwo su kan ga alama kafin kan ya fara sara. Wani ya ga walƙiya, wani ya ga layi mai zarƙa-zarƙa kamar haƙoran zarto yana ƙyalli yana faɗaɗa, wani ya dubi fuskar mutum ya ga rabi ya ɓace. Wani kuma ya ji yatsunsa da leɓensa kamar ana tsira masa allura. Alamar ta kan ɗauki minti 5 zuwa minti 60, sa'an nan ta wuce. A nan ne mutane da yawa ke firgita su ce iska ce ta taɓa su, ko jifa aka yi musu. Masana sun san asalin wannan alama. Wani irin motsi ne da ke bi ta fuskar ƙwaƙwalwa daga wajen ƙeya, inda ake sarrafa gani, yana tafiya sannu sannu kamar milimita 3 a minti ɗaya. Wani masani ɗan ƙasar Birazil mai suna Aristides Leão shi ya fara bayyana shi a 1944.

Akwai kuma wani iri wanda bai cika yawa ba, ya fi kama maza. Azaba ce mai tsanani a bayan ido ɗaya, idon ya yi ja yana hawaye, hancin wannan ɓari ya toshe, mai shi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya kan ɗauki minti 15 zuwa awa 3, ya riƙa zuwa kusan lokaci ɗaya kullum har makonni, sa'an nan ya ɓace watanni. Maganinsa dabam ne, ƙwayar kemis ba ta yi masa kome, sai asibiti.

Abin Da Ke Faruwa Cikin Kai

Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi. Abin da ke jin zafi shi ne tantanin da ya lulluɓe ta, da hanyoyin jinin da ke cikinsa. Akwai wata babbar jijiya mai rassa uku wadda ke kai saƙo daga fuska da goshi da wannan tantani zuwa ƙwaƙwalwa. Sa'ad da ciwon ya taso, wannan jijiya ce ke harzuƙa ta saki waɗansu sinadarai, babba daga cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira CGRP. Daga nan sai abin da ba ya damun mutum a da, kamar bugun jininsa ko hasken taga, ya koma azaba.

Ciwon yana bin jini. Mai shi in ya bincika sau da yawa zai tarar mahaifiyarsa ko gwaggonsa ko kakarsa ta yi fama da shi. Kafin balaga yara maza da mata kusan ɗaya su ke, amma bayan balaga mata sun ninka maza wajen sau uku, saboda hawa da saukar sinadaran jikin mace kowane wata. Ga yara ciwon ya kan gajarta, wani lokaci ma ciwon ciki da amai ne ke fitowa fili, kan bai cika damunsu ba. Yaron da ke yawan kwanciya haka ya tashi garau bayan barci, a kai shi a duba, kada a yi ta dukansa a kan ƙin makaranta.

Abubuwan Da Ke Tayar Da Shi

Abu ɗaya ya kamata mai wannan ciwo ya riƙe: kansa ba ya son canji. Canjin lokacin abinci, canjin lokacin barci, canjin yanayi, duk suna iya tayar da shi. Kuma ba safai abu guda ke yin aikin shi kaɗai ba. A ɗauka randa ce ake zuba mata ruwa guga guga. Rashin barci guga ɗaya, yunwa guga ɗaya, rana guga ɗaya. Guga ɗaya ko biyu ba za su cika ta ba, na uku ne zai sa ta yi ambaliya. Shi ya sa mutum zai yi tafiya cikin rana yau ya kwana lafiya, gobe ya yi irinta ya kwanta, domin goben ya fita bai karya ba, kuma daren jiya bai yi barci ba. Randar wani babba ce, ta wani ƙarama, wannan kuwa gado ne. Abin da ke hannun mutum shi ne rage yawan gugan da ake zubawa.

A Gombe guga na farko shi ne zafi. Garin yana kwance cikin kwari, kuma cikin watannin Maris da Afrilu zafi ya kan kai digiri 40 da rana tsaka. Ɗan dako a kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi, da ɗan acaɓa da ke kai da kawowa tsakanin Pantami da Jekadafari, da mai suyar ƙosai a bakin wuta, duk suna zubar da ruwan jikinsu ta gumi fiye da yadda su ke zato. Yawancinsu kuma ba sa shan ruwa sai ƙishi ya kama su sosai. Baligi mai aiki cikin irin wannan zafi yana bukatar aƙalla lita 2 zuwa 3 a wuni, watau ruwan leda 4 zuwa 6, a sha kaɗan kaɗan tun da safe. Mai aikin ƙarfi ya fi haka. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a dubi fitsari. In ya yi ja-ja kamar shayi, jiki na neman ruwa. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda shi kam ya bi adadin da likitansa ya yanka masa. Malfa ko laima da baƙin tabarau suna taimakawa, kuma aikin da zai yiwu a yi shi da sassafe kada a bar shi sai azahar.

Da hunturu kuma wata matsala ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura da bushewar iska su kan toshe hanci, sanyi kuma ya sa mutum ya manta da shan ruwa alhali iska na busar da shi. Har wa yau a wannan lokaci ne ake shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki, da janareta da aka kunna a zaure ko kusa da taga, suna fitar da wata iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamarta ta farko ciwon kai ce. In aka ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai da jiri tare, to a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ko'ina, a nufi asibiti. Wannan iska tana kisa cikin barci.

Na biyu yunwa. Tsallake kalaci shi ne abin da ya fi kama 'yan makaranta da 'yan kasuwa. Tela ya zauna kan keke tun hantsi ana gab da Salla, ya ce sai ya gama wannan riga zai ci abinci, kafin ya farga la'asar ta yi, kai ya ɗauka. Ba sai an ci abin kuɗi ba. Koko da ƙosai da safe, ko ɗumame, ko fura da rana, sun isa, in dai a kan lokaci ne kullum.

Wannan ya kawo mu ga azumi. A shekarun 2023, 2024 da 2025 watan Ramalana ya faɗo cikin Maris ko Afrilu, daidai tsananin bazara, sai ƙishi da yunwa da ragin barci suka haɗu wuri ɗaya. Amma ciwon kan da mutane da yawa ke yi a kwanakin farko na azumi, ba yunwa kaɗai ke kawo shi ba. Goro da shayi da gahawa duk suna ɗauke da sinadarin kafin. Jikin da ya saba samunsa kowace safiya, in aka yanke masa shi dare ɗaya, da ciwon kai ya ke ramawa. Dabarar ita ce a fara ragewa tun mako biyu kafin ganin wata. Mai cin goro biyar ya koma uku, ya koma ɗaya. A jinkirta sahur, kada a tsallake shi. A rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, kada a tara shi lokaci ɗaya. Wanda ke shan maganin rigakafin ciwon kai ya ga likitansa tun kafin azumi a gyara masa lokacin sha. Wanda kuwa ciwon ke kayar da shi da amai har ya galabaita, ya tambayi malamai game da sauƙin da addini ya yi wa majinyaci. Haka nan 'yan'uwa Kirista masu azumin kwana 40, shawarar ɗaya ce.

Barci ma haka. Ƙarancinsa na tayar da ciwon, yawansa ma na tayar da shi. Ma'aikacin da ke tashi da asuba duk mako, ran Asabar ya ce zai rama ya kai hantsi a kwance, sau da yawa da ciwon kai ya ke tashi. Abin mamaki kuma, ba ranar da ake cikin wahala ciwon ya fi zuwa ba, ranar da aka huta ne: washegarin gama jarrabawa, ko washegarin kai amarya. A tsai da lokacin kwanciya da na tashi, a bi shi har ranar hutu. Zaman hira a teburin mai shayi har ƙarfe ɗaya na dare, da duban waya cikin duhu a kan gado, ba na mai ciwon ɓarin kai ba ne.

Sauran su ne ƙamshi mai ƙarfi kamar turaren wuta da humra, warin fetur da hayaƙin itace, ƙarar injin niƙa da lasifikar biki, walƙiyar masu walda, da giya ga masu shan ta. Ga mata da yawa ciwon na zuwa ne kwana biyu kafin al'ada zuwa kwana uku da farawarta, kuma na wannan lokaci ya fi tsanani ya fi daɗewa. Galibi ya kan yi sauƙi in ciki ya wuce wata uku, haka kuma bayan an daina al'ada gaba ɗaya.

Game da abinci sai a yi hattara. Akan ji ana cewa kada a ci wannan kada a ci wancan, har mutum ya bar nama da mai da ƙwai da magi duk gaba ɗaya, ya rame a banza, ciwon kuma yana nan. Hujjar da ke ɗora wa yawancin abinci laifi ba ta da ƙarfi. Akwai ma wani ruɗu da ya kamata a sani. Awoyi ko kwana ɗaya kafin kan ya fara sara, ciwon ya riga ya fara aiki a ɓoye. Mutum ya yi ta hamma, wuya ya yi tauri, ransa ya ɓaci ba dalili, ko ya ji yana kwaɗayin zaƙi. In ya sha alewa sa'an nan kan ya ɗauka, sai ya ce alewa ce ta jawo, alhali kuwa ciwon ne ya sa shi kwaɗayinta tun farko. Saboda haka kada a haramta wa kai wani abinci sai an gwada an ga ya maimaita sau da dama.

Littafin Lissafi

Ba wanda zai iya riƙe duk wannan a ka. A sami ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ko kalandar bango. Duk ranar da kai ya yi ciwo a yi alama, a rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya sauka, da ƙwayar da aka sha da yawanta, da abin da ya faru a wunin da ya gabata ta wajen abinci da barci da rana. Mace ta sa alamar kwanakin al'adarta. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Wanda bai iya rubutu ba ya ja layi a kalanda ranar ciwo, ya yi da'ira ranar shan magani, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa. Bayan wata biyu ko uku mutum zai ga da idonsa abin da ke tayar masa da ciwo, wanda mai yiwuwa ne ya sha bamban da na maƙwabcinsa. Ga likita kuwa wannan littafi ya fi hoton kai amfani, domin ciwon ɓarin kai ba ya fitowa a hoto, da bayanin majinyaci ake gane shi.

In Ya Taso

A sha magani da wuri, tun ciwon yana ƙarami. Jira sai ya yi tsanani kuskure ne, domin a lokacin ciki ya daina aiki sosai, ƙwayar sai ta zauna ba ta narke ba, ko a amayar da ita. Baligi zai iya shan farasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500, kada ya sake sai bayan awa 4 aƙalla, kada kuma ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, domin fiye da haka na lalata hanta. Ko ya sha ibufurofen miligiram 400, ko asfirin miligiram 900, bayan ya ɗan sa wani abu a ciki. Waɗannan biyun ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, kuma mai fuka ya tambayi likita tukuna. Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Mai ciki ta tsaya ga farasitamol kaɗai, sai abin da likita ya rubuta mata. Bayan an sha magani a sha ruwa, a kwanta a ɗaki mai duhu, a ɗora tsumma mai sanyi a goshi. In barci ya samu, sau da yawa shi ke ƙarasa aikin.

In waɗannan sun kasa, akwai maganin da aka yi musamman domin ciwon ɓarin kai, sunansa sumatiriftan. An fara amfani da shi a 1991, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna na tilas. Likita ne ke rubuta shi, domin bai dace da mai ciwon zuciya ba, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Akwai kuma maganin tsai da amai da akan haɗa da shi. Kowane magani za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Ƙwayar Da Ta Koma Cuta

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci cikin wannan bayani, kuma shi ne mutane suka fi jahilta. Maganin ciwon kai in aka yawaita shan sa, shi da kansa ya kan koma mai kawo ciwon kai. Wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, har wata uku a jere, ya shiga wannan haɗari. Ga sumatiriftan, da ƙwayoyin da aka gauraya da kafin, da kodin da taramol, kwana 10 a wata ma ya isa. Kwanaki ake ƙirgawa, ba yawan ƙwaya ba.

Ga yadda abin ke tafiya. Mutum ya fara da ciwo sau biyu a wata. Ya ga ƙwaya na taimakonsa, sai ya fara sha tun kafin ciwon ya zo, don tsoro. Ya saba tsayawa wurin mai tallar magani kowace safiya a haɗa masa na gajiya, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi dabam dabam waɗanda bai san sunan ko ɗaya ba, ko ya kaɗa garin maganin nan na cikin 'yar takarda, wanda yawanci asfirin ne da kafin. Bayan watanni sai ya wayi gari kullum da ciwon kai, ya sha ƙwaya ya lafa, ƙarfinta ya ƙare ciwon ya dawo. Shi yana ganin cutar ce ta yi ƙarfi, sai ya ƙara ƙwaya. A nan ne ake samun gyambon ciki da aman jini da lalacewar ƙoda.

Mafita ɗaya ce, a daina. Kwanakin farko ciwon zai ƙaru, mai yiwuwa har mako ɗaya ko biyu, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su koma. Wanda ya daure, galibi cikin wata ɗaya ko biyu zai ga kwanakin ciwonsa sun ragu ƙwarai. Gara a yi wannan da sanin likita, iyali kuma su sani don su yi haƙuri da shi. Mai shan taramol ko kodin shi kam kada ya yanke dare ɗaya, a asibiti za a rage masa sannu sannu. Waɗannan biyun ba su da wurin zama cikin maganin ciwon ɓarin kai ko kaɗan. Tun watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce, kada shan maganin ciwon kai ya wuce kwana 2 a mako.

To, wanda ciwonsa ya fi haka yawa fa? Shi ne ake ba maganin rigakafi. In ciwon na kwantar da mutum kwana 4 ko fiye a wata, likita na iya ɗora shi kan ƙwayar da ake sha kullum, da ciwo da ba ciwo. Waɗanda aka fi samu a asibitocinmu su ne furofaranolol da amitiriftilin, kuma ba su da tsada. Na farkon asalinsa maganin hawan jini ne, bai dace da mai fuka ba. Na biyun da dare ake shan sa domin yana sa barci. Ba sa aiki nan take, sai an ba su wata biyu zuwa uku, kuma in kwanakin ciwo sun ragu da rabi to an ci nasara. Lalle mace ta gaya wa likita in tana da ciki ko tana neman sa, domin waɗansu magungunan rigakafin, musamman balfurowet da tofiramet, suna yi wa ɗan tayi lahani. Tun daga 2018 an fito da sababbin allurai masu tare sinadarin nan CGRP, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin jama'a.

Mace mai ganin walƙiyar nan kafin ciwo, kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, domin haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, balle in tana shan taba. Akwai waɗansu hanyoyin tazara da suka dace da ita, ta yi wa ma'aikaciyar asibiti bayani.

Ɗaure kai da ƙyalle da shafa man zafi ba su da laifi in mutum na jin sauƙinsu. Tsaga a gefen goshi da askar da aka yi wa wani aiki da ita kuwa hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Ɗiga ruwan ganye ko wani abu cikin ido da sunan maganin ciwon kai, wannan ya makantar da mutane.

Ciwon Kan Da Ba A Jira Da Shi

Duk abin da aka faɗa a baya game da ciwon da mutum ya saba da shi ne. Akwai wanda ba a kwana da shi a gida. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko amai da ruɗewa, musamman daga hunturu zuwa bazara, a ɗauke shi sanƙarau ne sai likita ya ce ba shi ba ne. A 1996 wannan cuta ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Tsakanin Oktoba 2023 da Maris 2024 ta sake ɓulla a jihohi bakwai, har da Gombe da Bauci da Yobe da Jigawa, kuma a Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. Sanƙarau na iya kisa cikin wuni ɗaya.

Haka nan ciwon da ya faɗo farat ɗaya kamar an buga wa mutum taɓarya, irin wanda bai taɓa ji ba. Da wanda ya zo tare da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar harshe, ko jijjiga. Da wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko bugu a ka, ko da bayan kwanaki ne. Da wanda ya fara wa mutum bayan ya haura shekara 50, ko wanda ke ƙaruwa mako bayan mako yana tashin mutum daga barci da amai. Da wanda ya zo da jan ido da zafinsa da dishi-dishin gani. Mai ciki kuwa, in cikin ya wuce wata biyar, ko mai jego, in ta ji ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu ko ganin walƙiya, a kai ta asibiti a auna jininta nan da nan, domin alamar jijjigar masu ciki ce.

Kada a ɗauki kowane ciwon kai a ce maleriya ce ko taifot. In da zazzaɓi, a yi gwajin jini kafin a sha magani. Hawan jini kuma yawanci ba ya zuwa da ciwon kai ko wata alama, saboda haka rashin ciwon kai ba shaidar lafiya ba ne, awo ne kaɗai ke nunawa.

Mai ciwon ɓarin kai ya fara da asibitin shan magani na unguwarsu, inda za a auna jininsa a saurari bayaninsa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi gaba. A birnin Gombe akwai Asibitin Ƙwararru na Jiha, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wanda aka kafa a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, ya zama asibitin koyarwa a 2014. Mazauna sauran jihohi su nemi babban asibitin da ya fi kusa da su. Ranar zuwa a tafi da littafin lissafin nan, da kwalaye ko ledojin duk magungunan da ake sha, har da na mai talla da na gargajiya, a zube su gaban likita ya gani.